Daga Kan Dala Zuwa Inda Ba Wanda Ya Zana

Littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa ƙasarmu da sunan Abdulkarim, mujalladi biyar ne. An buga su a 1857 da 1858, da zane-zane masu launi kimanin 60 a ciki. Akwai Agadas, akwai Kano, akwai kasuwar Sakkwato, akwai Tambutu. Babu Haɗeja, balle Birniwa inda aka binne cibiyata. Wannan rashin shi ya fi tsaya mini a rai daga wata tafiyar aiki da muka yi a farkon 1994, ko da yake ba shi muka fita nema ba.

A lokacin ina ɗaukar hoto a wani gidan talabijin a Kano. Ban daɗe da barin naɗe waya da dakon batir ba, an dai fara sakar mini kyamara. Maigidanmu, wanda muke kira Malam, ya koyar da tarihi a makarantar sakandare kafin ya shigo aikin talabijin, kuma har ya bar duniya alli bai fita daga hannunsa ba. Shi ya kawo shawarar. Yana da littafin da Kirk-Greene ya fitar a 1962, wanda ya tsamo tafiyar Barth a cikin Nijeriya, ya kuma samo kwafin tsofaffin zane-zanen daga ɗakin karatu na jami'a. Nufinsa mu je mu tsaya daidai inda mai zanen ya tsaya, mu nuna zanen a allon talabijin, sannan a hankali ya narke ya koma yadda wurin yake a yau. Daga Kano kuma mu bi sawun mutumin zuwa gabas, mu ratsa Jigawa, wadda a lokacin ba ta cika shekara uku da zama jiha ba. Ban da babbar kyamara, an rataya mini ƙarama mai fim, don a sami hotunan da za a manna a bango ranar da za a ƙaddamar da shirin.

Muka hau Dala ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi. Malam ne ya dage sai a watan Fabrairu, domin a Fabrairun 1851 Barth ya hau dutsen ya yi zanensa, kuma yana so hasken ya zo ɗaya. Wanda bai yi aiki da U-matic ba ba zai san nauyin wannan hawa ba. Kyamara daban, rakoda daban a kafaɗar wani, igiya ta haɗa su, kaset ɗaya minti 20 ne, batir kuwa sai lallashi. Muka isa sama muna haki, muka tarar hazo ya rufe gari. Idon mutum yana iya ratsa hazo ya tsinci hasumiyoyin babban masallaci da koren tulluwarsa, amma kyamarar wancan zamani fari fat take ba ka. Sai da muka yi ta komawa, da sassafe da kuma bayan la'asar, kafin muka dace da ranar da iska ta ɗan share sama.

Sannan babbar wahalar ta fito. Zanen yana hannun Malam, ni ina jan ƙafar kyamara daga wannan gefen dutse zuwa wancan. In na daidaita duwatsun da ke gaba, sai garin ya karkace. In na daidaita shimfiɗar garin, sai abin da ke gaba ya fita daga hoto. Babu wuri ɗaya a kan Dala da za ka kafa ƙafa uku ka sami abin da ke takardar nan gaba ɗaya. Malam ya zauna a kan dutse ya yi mana bayani. Abin da Barth ya yi a nan zanen fensir ne, na mutumin da zazzaɓi ya sha masa kai, ga bashi, ga ƙarancin guzuri, yana cika shekara 30 a wani ɗaki mai duhu a unguwar Dala. Hoton mai launi da duniya ta sani kuwa a birnin Munik aka yi shi, da hannun wani mai zane, Johann Martin Bernatz. Shi Bernatz ya taɓa zuwa ƙasar Habasha, ya san rana da ƙurar Afirka, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ba. Hannu biyu ne a zanen, ɗaya ya gani bai gama ba, ɗaya ya gama bai gani ba.

Da muka sauko, wani dattijo magini a gindin dutsen ya nemi a nuna masa takardar da muke ta ɗagawa sama. Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Malam ya ce, "Baba, ka gane garin?" Ya ce, "Na gane shi mana. Amma wanda ya yi wannan ya ga gini, bai taɓa cuɗa ƙasa ba." Ya sa farce yana nuna mana kusurwoyin soraye. Ya ce ginin tubali ba ya miƙewa haka, gindinsa ya fi samansa kauri, kafaɗarsa a zagaye take, domin kowace shekara bayan damina hannu ne yake bin ta da yaɓe. Daga nan ya shiga ba mu labarin azara da yadda ake jera ta, da makuba da ake shafa wa bango don ruwa, da indararo, da zanko. Ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, in za ka ɗauki soro, ka zo da hantsi, inuwa ce take nuna aikin hannu." Har yau da wannan maganar nake aiki.

Ba na raina zanen nan, kuma ba na jin daɗin masu raina shi don kawai Bature ne ya yi. Ya riƙe mana abin da ba mu da wata shaida a kansa sai baki. Ya nuna Kano mai fili a cikin ganuwa, mai itatuwa a tsakanin gidaje, soraye da ɗakunan ciyawa a cakuɗe. Barth ya rubuta cewa zagayen ganuwar ya haura mil 15, kuma gidaje ba su cika ko'ina ba, akwai gonaki a ciki. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, su kai 60,000 in fatake sun sauka da rani. Abin da na gani ta cikin kyamara a 1994 kuwa teku ne na kwano mai tsatsa, daga gindin Dala har inda ido ya ƙare, Jakara ta zama magudanar ƙazanta, itatuwan ana iya ƙirga su. Da muka haɗa hotunan biyu a ɗakin tacewa, zanen yana narkewa kwanon yana fitowa, duk wanda ke wurin ya yi tsit.

Sai dai daga kan dutse komai lafiya lau yake. Mutumin da ya zana wannan gari mai kwanciyar hankali shi ne ya rubuta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta fitar duk shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma shi ne ya rubuta cewa bayin da ake fitarwa daga kasuwarta a shekara suna iya kai 5,000. Ba a hango karofi daga can sama, ba a jin ƙarar mabuga, ba a ganin wanda aka ɗaure. Saboda haka Malam ya sa muka sauka marinar Ƙofar Mata da lungunan Kurmi, muka kuma je Gidan Ɗan Hausa saboda Dorugu. Yaron nan Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, abokin tafiyar Barth ya 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya dawo ya ƙare kwanansa a Kano a 1912 yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. Akwai zanensa shi da abokin tafiyarsa Abbega a cikin littafin Barth. A duk hotunan da muka riƙe a tafiyar nan, nasa ne kaɗai na ji kamar ɗan'uwana ne yake kallona.

Azumi ya kama, muka ɗauki hanyar gabas ta Gezawa da Gujungu, da jarkokin mai a bayan mota saboda wahalar fetur ta shekarun nan. Barth ya bar Kano a watan Maris 1851 ya biyo ta Gezawa ya faɗa Gumel, wadda a lokacin take bin Barno, Sarki Ɗan Tanoma ya tsufa ƙwarai. Abin da ya ja hankalinsa a can kasuwar kanwa ce, wadda ake kawowa daga gabas da arewa a wuce da ita har ƙasar Nufe. A Gumel rubutunsa muka bi. Malam yana karantawa yana fassarawa, ni ina neman abin da zan ɗora a kan maganar, na ɗauki buhunan kanwa a kasuwa da ƙofar fada, muka sha ruwa da kunu da ƙosai a gidan wani abokinsa, muka wuce.

Daga Gumel Barth ya yi arewa maso gabas, ta Machina da Bundi, ya nufi Kukawa. Wato ya bi ta saman ƙasarmu ya bar Haɗeja a damansa. Ko da ya so shiga, lokacin ba na baƙo mai fensir ba ne. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari ɗan Sambo daga sarautar Haɗeja a 1850 ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari kuwa bai karɓa ba, yana tara mayaƙa zai komo, kuma Barth ya yi ta jin labarinsa a hanya. Ya komo ɗin, ya ƙwace garin, ya kuma fatattaki rundunar da Sakkwato ta turo masa a Gamon Kafur, ya yi zamansa ba ya bin kowa har ya faɗi a yaƙin Gogaram a 1863. Kafin Barth, wani Bature mai suna Clapperton ya zo Kano a watan Janairu 1824, amma ta Katagum ya biyo, ta kudu da mu. Ɗaya ta kudu, ɗaya ta arewa. Sai a 1892 Bafaranshe Monteil ya shiga Haɗeja a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, zamanin Sarki Muhammadu, kuma shi ma hotunan littafinsa na 1895 wani mai zane ne, Riou, ya yi su a Faransa. Monteil bai zo yawon buɗe ido ba, ya zo ne auna ƙasar da Faransa da Ingila suka riga suka ja wa layi a takarda tun 1890. Bayan shekara 14, ranar 25 ga Afrilu 1906, bindigogin Ingila suka buɗe wuta a kan Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan garinsa.

Ashe hoto yakan nuna inda aka bar baƙo ya zauna ne. Inda ake yaƙi, da inda ruwa ya tare hanya, da ƙauyen da ba shi da fada, waɗannan sai su fita daga littafi, daga baya jikoki su ɗauka ba a yi komai a can ba.

Muka isa Haɗeja ba mu da takardar da za mu ɗaga. Na ga Malam ya rasa ta inda zai kama, domin dukan tsarin shirin a kan narkewar tsohon hoto cikin sabo aka gina shi. Muka je gaisuwa wurin wani mai unguwa, Malam ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman tsohon gari, ba mu da hotonsa." Ya yi murmushi ya aika aka kira wani tsoho wanda mahaifinsa ya ga ranar yaƙin Nasara da idonsa. Tsohon nan ya ja mu zuwa inda ragowar ganuwa take, tudun ƙasa da awaki ke hawa, ya tsuguna ya share rairayi da tafin hannu. Da ɗan yatsa ya ja zagayen ganuwa, ya huda ƙofofi, ga ta gabas, ga ta arewa, ga wadda ke fuskantar kogi. Ya sa tsakuwa a fada, ya sa wata a masallaci, ya ja layin da mahaifinsa ya ce sojoji suka bi, ya nuna inda aka yi ta faɗuwa. Yana yi yana kiran sunayen unguwanni da na mutanen da suka kwanta a wurin, muryarsa ba ta rawa. Na sauke kyamara daga ƙafarta na ɗora a gwiwa, na bar kaset ya tafi har ya ƙare, yaron rakoda ya sa wani. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, kafin nan da bayan nan. Da ya gama ya miƙe ya karkaɗe hannu, yara suka bi ta kan zanen da gudu.

Daga ranar Malam ya sake shiri. Ya ce duk kaset ɗin da ya rage a zuba shi a kan abin da ba wanda ya zana. Muka shiga fadama ta wajen Kirikasamma da Baturiya. Ruwan damina ya ja baya, ya bar tafkuna, masunta suna kan gora suna jan koma, ana ƙyafe tarwaɗa da karfasa a bakin ruwa, Fulani sun fara shigowa da shanu, masu noman rani suna ta da injin ban ruwa a gonakin alkama da tattasai. Tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suna nan ba su koma ba, in suka tashi sai su rufe maka rana a cikin kyamara. Ni da na tashi a jigawa, inda rijiya take cinye igiya gaba da gaba, kullum fadamar nan aljannar duniya ce a idona. Amma duk wanda muka tsayar kuka ɗaya yake yi, ruwa ba ya zuwa kamar da. An tare shi a Tiga tun 1974, an ƙara tare shi a Challawa a 1992. Masu auna ambaliya daga jirgin sama sun ce a 1974 ruwan ya rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. Wani masunci ya kai mu wani fako mai tsagewa ya ce, "Ɗana, nan mahaifina ya koya mini iyo." A nan ne na fi jin zafin rashin tsohon hoto. Da akwai wanda ya zana wannan wuri yana cike, da na ɗora shi kusa da fakon nan, da ba sai mun yi dogon bayani ga masu buɗe madatsa da rufewa ba.

Birniwa ce zangon ƙarshe, kuma roƙo na yi aka sa ta. Malam ya tambaye ni me za mu ɗauka a can, na ce tasha. Garinmu yana kan layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, kuma duk wanda ya girma a can da kukan jirgi ya san lokaci. Ta wannan layin gyaɗa da fatu da shanun ƙasarmu suka riƙa tafiya kudu, ta nan gishiri da kananzir da atamfa suke zuwa, ta nan ni ma na fara barin gida zuwa makaranta. A 1994 jirgin ya zama sai an ga dama, wani lokaci a yi mako ba a ji shi ba. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Da ta ga mun fito da kaya za mu tafi tashar da rana tsaka, da azumi a bakinmu, sai ta ce wa ƙanwata, "Ki tambayi yaron nan, tasha kuma me za a gani a cikinta?" Na ɗauki ginin da allon sunan garin, da ma'auni, da inda ake jibge buhuna a da. Na ɗauki rumbunan gero a bayan gari, da masu sussukar riɗi, da 'yan mata Mangawa a bakin rijiya, da tsofaffi a gindin bedi suna jiran a kira magariba. Ba wanda ya gyara zama saboda kyamara, domin a wurinsu ɗan gidan wane ne ya zo da wani ƙarfe.

Shirin ya fita bayan ƙaramar salla. Kano ta cinye mafi yawansa, kuma ban ga laifin haka ba, nan ne hoton ke narkewa, nan ne mai kallo yake riƙe baki. Tsohon Haɗeja ya sami 'yan mintuna, fadama ta sami ƙasa da haka, Birniwa ta bayyana a ƙarshe sunaye suna hawa a kanta. Kaset yana da tsada a lokacin, kuma al'adar gidajen talabijin ce a goge tsohon aiki a ɗora sabo. Haka aka yi da namu. Wannan abu yana ci mini rai har gobe, musamman zanen nan na kan rairayi, wanda cikakkensa ya kusa minti 40. Abin da ya tsira shi ne kwafin shirin a kaset na bidiyon gida da Malam ya ba ni, da fina-finan ƙaramar kyamara da na adana a cikin gwangwani.

Wuraren kuma ba su tsaya jiranmu ba. Ganuwar Kano da na ɗauka ta wajen Goron Dutse an ci da yawa daga cikinta da gini. Fadamar da muka tarar tana kukan ƙishirwa, daga baya ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwanta, wani gefe ya bushe, wani gefe ruwa ya ƙi tafiya, har aka kai ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja. Dattijon magini da tsohon ganuwa da Malam da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Shekarun baya na sa wani matashi a Kano ya juye kaset ɗin da hotunan zuwa kwamfuta. Launin ya koɗe, sautin yana shaƙewa a wasu wurare, amma ana ganin yatsan tsohon yana huda ƙofofi. Na ba wani malamin tarihi a wata sakandare ta ƙasarmu kwafi, ya nuna wa ɗalibansa, sai ga shi sun ɗauki abin da zafi, suna yawo da wayoyinsu suna ɗaukar gari. Da na je gida suka zo gaishe ni, suka ce, "Baba, ta ina za mu fara?" Na ce kowane hoto su rubuta masa rana da wata da shekara, da sunan wurin, da inda suka fuskanta, domin rashin sanin inda mai zane ya tsaya ya wahalar da ni a kan Dala. Na ce kuma in tsoho ya fara magana kada su katse shi don cikar waya, su zo da ta biyu. Sun gama da tasha da tsohuwar rijiyar unguwarmu. Malaminsu ya ce bayan girbi za su tafi kasuwar Kupsa, daga can su gangara fadama wurin masunta.